Na zauna a gidan maƙwabcina ba da saninsa ba, ga shi yana hanyar dawowa

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni magidanci ne a Wad Madani ta jihar Jazira a Sudan, da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. A watan Disambar 2023, ranar da yaƙi ya watsa gari, maƙwabcina Alhaji ya kwashi iyalinsa suka nufi Sinnar, daga baya suka ƙetara Masar. Ya miƙo min makullin ƙofar waje, ya ce in riƙa leƙa masa gida. Ni ban fita ba, ba kuɗin mota, ga mahaifiyata ba ta iya tafiya. Da daminar 2024 ta sauka ɗakunanmu biyu suka rushe, sai na kwashe iyali muka koma gidansa ban gaya masa ba, lokacin babu layin waya. Da farko a diwan, ɗakin baƙi, da rakuba, rumfar tsakar gida, muka tsaya. Da yunwa ta tsananta na fasa kwaɗon sito, muka ci buhu 4 na dawa. Da ƙaramin ɗana ya kwanta na sayar da keken ɗinkin Hajiya na saya masa magani. Daga baya na buɗe ɗakin kwanansu, wannan kam ba yunwa ta sa ba. Matata ta yi amfani da tufafin Hajiya da turarenta, ni kuma na buɗe akwatin takardunsa, na karanta abin da ya kashe auren 'yarsa, wanda ba wanda ya sani a unguwa, har na ba matata labari. Da waya ta dawo mun yi magana da Alhaji sau da yawa, kullum sai in ce masa gida lafiya lau. Yanzu ya ce ƙarshen wata suna tafe. Wani abokina ya ce in kwashe iyalina in ce 'yan shafshafa, wato masu wawason gidaje, su ne suka fasa, tunda haka aka yi wa gidajen mutane, ba mai musawa. Ya ce ba don ni ba ma da ko ƙyaure Alhaji ba zai tarar ba. Na kasa barci. Ni ɓarawo ne? Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Allah ya raya yaron, ya ba mahaifiyarka lafiya, ya saka maka da ka tsaya da ita a lokacin da kowa ke ta kansa. Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma tun kafin mu shiga zancen ina so ka ji wannan: shawarar abokinka kada ka ɗauke ta. Duk abin da ka yi a gidan nan yana da gyara. Ƙaryar da yake so ka yi ita ce za ta toshe hanyar gyaran.

Ka tambaye ni ko kai ɓarawo ne kamar abu ɗaya ka aikata. Ni kuwa a wasiƙarka ƙofofi da yawa na gani, kuma ba a rana ɗaya ka buɗe su ba, ba da zuciya ɗaya ba, don haka hukuncinsu ma ba zai zama ɗaya ba.

Mu fara da ƙofar waje. Mu Hausawa tun muna yara muka san zaure, muka san sallama, muka san cewa namiji baligi ba ya wuce inda aka tsayar da shi sai mai gida ya ce bismillah. Nan Sudan muka tarar da diwan yana yin aikin zauren, muka tarar da nafaj, 'yar ƙofar nan da ke cikin katanga tsakanin maƙwabta, wadda mata ke bi su karɓo wuta ko gishiri. Ko nafaj ɗin ma ba a bin ta sai an ɗaga murya. Asalin wannan tarbiyya yana cikin Suratun Nur, aya ta 27 zuwa 29: kada a shiga gidan da ba na mutum ba sai an nemi izini an yi sallama. Aya ta 28 kuwa kamar a kan matsalarka ta sauka, domin ta ce idan ba ku sami kowa a ciki ba, kada ku shiga har sai an yi muku izini. Wato gidan da mai shi ba ya nan, hurumin gidan yana nan. Sauƙin da aya ta 29 ta kawo na wuraren da ba na zaman iyali ba ne, irin masaukin matafiya da shaguna, kamar yadda masu tafsiri suka bayyana. Gidan Alhaji ba ya cikinsu. Gudun da ya yi bai mai da gidansa kango ba. Makullin da ya ba ka ma na leƙawa ne, bai ce ka tare ba.

To amma wanda ya shimfiɗa wannan doka shi ne kuma ya san lalura. Daminar 2024 ba ƙaramar damina ba ce, ita ce ta fasa madatsar ruwan Arba'at kusa da Bur Sudan a watan Agusta, ta kuma rusa gidajen ƙasa a jihohi da dama. Mutumin da ɗaki ya rushe masa, ga tsohuwa ga yara biyar, ga bindiga a titi, ga gida a kulle katanga ɗaya da shi kuma makullin yana aljihunsa, ban san malamin da zai ce masa ya kwana a ruwa ba. Alhaji ma da ka same shi a daren nan, zato mafi ƙarfi cewa zai yi ku shiga. A wannan ƙofa ban ga zunubi a kanka ba. Abin da ya rage maka a lokacin shi ne sanarwa. Gaskiya ne layukan waya sun ɗauke a watan Fabrairun 2024, kuma Jazira ta daɗe cikin duhu. Amma mutane sun riƙa zuwa wurin masu intanet ɗin tauraron ɗan adam na Starlink suna biyan kuɗin awa suna tura saƙo. Kai ka san ko ka taɓa zama a irin wurin nan, ka tura wa wani saƙo, ka tsallake sunan Alhaji. Idan hakan ta faru, daga ranar ne al'amarin ya fara canza kama.

Akwai kalma ɗaya da nake so ka riƙe. A aya ta 173 ta Suratul Baƙara, inda Allah ya halatta wa wanda ya matsu ya ci abin da aka haramta, ya sa sharaɗi: ba yana mai zalunci ba, ba kuma yana mai ƙetare iyaka ba, “wa la adin”. Daga tushen wannan kalma aka sami ta'addi, sunan da kotunan Sudan ke kiran shiga wurin wani ba bisa haƙƙi ba. Daga nan Hausa ta aro ta'adi, har da ta'addancin da muke ji a rediyo. Duk ma'anar guda ce: akwai layi, wani ya taka ya wuce. Hausa tana da nata hoton da ya fi wannan kusa da mu, wuce gona da iri. Ka dubi mai shuka. Gonarsa ce, irinsa ne, aikin halal yake yi, sungumi da ƙafa suna tafiya, bai ankara ba ya bar kunyarsa ta ƙarshe ya shiga ta maƙwabci. Bai fito gida da niyyar cin iyaka ba. Tafiya ce ta yi daɗi bai tsaya ba. Kakanninmu da suka yi noma a ƙasar Hausa gamba suke dasawa a kan iyaka don ido ya gani, waɗanda suka yi aikin hawasha, gonar ban ruwa ta Jazira, kuma sun san inda ruwan wani ya ƙare na wani ya fara. Abin da ya same ka ke nan. Lalura ta buɗe maka diwan, kai kuma ka ci gaba da tafiya.

Sito shi ne iyaka ta biyu, kuma a nan abu biyu ne suka haɗu. Akwai hadisin Ibn Umar a Buhari da Muslim inda Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana a tatsi dabbar wani ba da izininsa ba, ya tambayi sahabbai ko ɗayansu zai so a je ɗakin ajiyarsa a fasa ma'ajinsa a kwashe abincinsa. Ka ga misalin da ya zaɓa don nuna munin abin shi ne fasa sito. Duk da haka, wanda yunwa ta kai shi ga jin tsoron ransa ko na 'ya'yansa, an yarda ya ci. Malamai sun ɗaure wannan da ƙa'idoji biyu: lalura gwargwadonta ake auna ta, kuma matsuwa ba ta soke haƙƙin wani. Don haka buhu huɗun nan ba sata nake kiransu ba, bashi ne. Keken ɗinki ma haka, in dai da gaske ba ka da wani abin naka da za ka sayar a ranar, kuma kuɗin a magani suka tafi. Idan akwai canjin da ya rage ya shiga shayi da sukari, shi ma ka san da shi.

Yadda ake biya yana da muhimmanci, musamman yanzu da jinai, kuɗin Sudan, ya zube. Abin da ake awo ko ma'auni, irin dawa, da irinsa ake mayarwa: buhu a madadin buhu, nau'in da ka ci shi za ka kawo. Kada ka lissafa kuɗin buhu na shekarar 2024 ka miƙa masa, domin kuɗin nan yau ba za su saya masa abin da ka ci ba. Keke kuwa, in ka san wanda ya saya, ka je ka nemi fansarsa, don mace da kekenta akwai sabo, wataƙila da shi ta yi wa 'ya'yanta kayan aure. In ya ɓace maka, ka sayi makamancinsa wanda Hajiya da kanta za ta gani ta yarda. Na san ba ka da kuɗin yau. Bashi ba ya zama laifi don mai shi talaka ne, yana zama laifi ne in an ɓoye shi.

Yanzu ɗakin kwana. Kai da bakinka ka ce ba yunwa ba ce, kuma na gode maka da ba ka nemi uzuri ba, domin babu shi. Wannan ita ce ƙofar da ta hana ka barci, ko ba ka faɗa ba. Watanni sun shuɗe, gidan ya fara yi muku kama da naku, yara sun saba, kunyar farko ta tafi, sai wata rana hannu ya kai ga kwaɗon da ba abin da ke bayansa sai sirrin mutane. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce an sanya neman izini ne saboda ido. Ka lura, saboda ido aka ce, ba saboda ƙafa ba. Mutum zai iya tsayawa a waje ya keta haddin gida da kallo. Kai kuwa ka shiga, ka zauna, ka buɗe akwati, ka karanta. Takardar farko da ka gane ta iyali ce ya kamata ka mayar ka rufe. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin sirrin mutane, ita ce kuma ta hana giba a numfashi ɗaya, don wanda ya leƙa ba ya iya riƙe bakinsa. Kai ma ba ka iya ba, ka gaya wa matarka.

Ka yi tunanin yarinyar nan. Aurenta ya mutu, iyayenta suka rufa mata asiri, yaƙi ya kore ta zuwa ƙasar da ba tata ba, tana shirin dawowa unguwar da take zaton ba wanda ya san komai. Dawa ana iya auna ta a mayar. Wannan ba a iya mayar da shi akwati. Abin da ya rage a hannunka shi ne ya tsaya a kanku ku biyu har kabari. Ka zaunar da matarka yau, ba da faɗa ba, don kai ka kawo mata labarin, ka tambaye ta tsakaninta da Allah ko ta gaya wa wata. In ta gaya, ita za ta koma wurin waccan ta roƙe ta ta yi shiru. Ka kuma kiyaye ranar ɓacin rai: ko da Alhaji ya zage ka, ko da ya kai ka gaban hukuma, kada abin da ka karanta ya zama makami a bakinka, ko da da habaici ne.

Tufafi da turaren Hajiya kuwa, maganar mata ce, ka bar matarka ta yi ta da bakinta. Ta wanke tob, wato lafayar da ta sa, ta goge, ta ninke, ta faɗi wanda ya yage, ta faɗi humra da turaren wutan da suka ƙare. Kada ta mayar da su cikin sif ta yi shiru. Mace ta san ƙamshin kayanta, ta san yadda ta ninke su. Za ta gane tun daren farko, kuma in ta gane da kanta kafin a gaya mata, zumuncin ya tafi.

Ta fuskar doka, ga abin da ke rubuce. Dokar laifuka ta Sudan ta 1991, a sashe na 183, ta kira ta'addi na laifi ga wanda ya shiga ko ya ci gaba da zama a wurin da ke hannun wani ba bisa haƙƙi ba, da nufin tsorata shi, ko takura masa, ko hana shi haƙƙinsa. Hukuncinsa na asali ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko tara, ko duka biyun. Sashe na 15 ya yi maganar lalura, sashe na 177 kuma na cin amana ne, wanda ya shafi mutumin da aka damƙa wa dukiya ya yi wasa da ita. Ka ga doka ma niyya take nema. Shigarka ta daren ruwa ba ta da niyyar cutar da kowa. Amma ranar da ka ce wa Alhaji ɓarayi ne suka kwashe, ka hana shi haƙƙinsa da gangan, ka kuma mai da kanka mai cin amana da hannunka. Ƙaryar da abokinka ke gani mafita, ita ce za ta ɗauko tsohon al'amarin duka ta sa masa sunan laifi.

Kuma ba za ta tsaya a kanka ba. Alhaji zai fara tunanin wane ne a unguwa ya nuna gidansa, zai zargi wanda bai ji ba bai gani ba. Maƙwabtan da suka rage sun ga hayaƙi yana tashi daga gidan, sun ga shanyarku a igiya. 'Ya'yanka biyar sun kwana a can fiye da shekara, za ka koya musu su yi shiru, wato za ka koya musu ƙarya a kan mutumin da suke gaisarwa kowace safiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle wadda yara suka sani. Cewa an yi wa gidaje da yawa haka gaskiya ne, an kwashe wa mutane har wayoyin lantarki na cikin bango. Amma zaluncin da wasu suka yi ba bargo ba ne da za ka ja ka rufe naka.

Maganar abokinka ta biyu tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari. E, gidan da ke da mutane a ciki ya fi tsira daga wawaso, kuma mai yiwuwa zamanka ne ya sa Alhaji zai tarar da ƙofofi da tagogi. Wannan alheri ne, Allah ya san shi. Sai dai mai gadi ba ya yanka wa kansa lada daga cikin kayan da yake gadi. Idan Alhaji ya auna ya ce tsaron da ka yi ya fi buhu huɗu, daga bakinsa ya kamata ta fito. In ka riga shi faɗa, ka mai da neman gafara ciniki.

Kada ka jira ya iso. Mutanen da ke dawowa daga Masar tun bayan da sojoji suka karɓe Madani a Janairun 2025 suna isowa ne a gajiye, bayan kwanaki a hanyar Aswan da Wadi Halfa, da ɗan abin da ya rage musu. Ba daidai ba ne dattijo ya sauke kaya a ƙofar gidansa sannan ya fara jin labari. Ka kira shi cikin makon nan, da murya, ba rubutaccen saƙo ba, a lokacin da ka san yana zaune shi kaɗai. Ka fara da abin da ya fi nauyi a harshe: Alhaji, na yi ta ce maka gida lafiya, ban gaya maka gaskiya ba. Sannan ka jero su yadda ka jero min, kada ka rage ko ɗaya. In ka zo kan akwati ka ce, na buɗe akwatin takardunka, idona ya ga abin da bai kamata ba, na gaya wa matata, kuma mun yi alkawari ba zai wuce mu ba. Kada ka ambaci abin da ke ciki, ya riga ya sani. Ka tambaye shi kuɗin zaman gidan ma, ko ya ce ya bari.

Zan ja maka kunne a kan abu ɗaya da mutanenmu ke yawan yi. Kada ka tara liman da dattawan unguwa ka je ka durƙusa a gabansu tun farko, don ka san a gaban jama'a Alhaji ba zai iya cewa komai ba sai “na yafe”. Malamai sun ce abin da aka karɓa da takobin kunya bai halatta ba. Ka ba shi dama ya yi fushi, ya yi shiru, ya kashe waya, ya kwana biyu bai kira ba. Haƙƙinsa ne. Judiyya, wato zaman sulhu, da dattawa suna da ranarsu, in maganar ta ƙi daidaita tsakaninku, ko in ana so a rubuta bashin da shaidu. Ko a nan ɗin, zancen dawa da keke kawai za a kai gabansu, zancen akwati ba ya fita.

Kafin ƙarshen wata ka nemi inda za ku koma, ko rakuba ce ka kafa a filin gidanka, sai fa in shi ya ce ku zauna. Ku share gidan, ku wanke zir, randar ruwa, ku ɗaure igiyar gadon angarib ɗin da ta saki. Ka rubuta komai a takarda ɗaya: buhu 4, keke 1, kwaɗo nawa ka fasa, abin da ya fashe a hannun yara, da watan da kake ganin za ka fara biya. In za ka iya samun ko buhu ɗaya kafin su iso, ka ajiye shi a siton. Ka sayi sababbin kwaɗuna ka sa a sito da ɗakin kwana, ranar da ya sauka ka miƙa masa makullansu duka tare da na ƙofar waje da ya ba ka, kada ka riƙe ko ɗaya.